Jan biron Malam da jiragen Zheng He

Aikina a gidan rediyo shi ne rubuta shirin tarihi na minti 15 da muke watsawa sau ɗaya a mako. A shekarar da na fara, shugaban sashenmu wani dattijo ne da kowa ke ce wa Malam, mai jan biro a aljihun gaba, wanda ba a shiga ɗakin ɗaukar murya sai ya bi rubutu layi-layi. Shi ya ba ni aikin rubuta shiri a kan Zheng He, mutumin ƙasar Sin da ya jagoranci ayarin jiragen ruwa sau 7 tsakanin 1405 da 1433.

Na ji daɗin aikin tun daga ranar farko, domin na tarar da labari mai kama zuciya. An haife shi a 1371 a Kunyang da ke lardin Yunnan, a gidan Musulmi, sunansa na yanka Ma He. Mahaifinsa da kakansa duk da laƙabin Alhaji aka san su. Yana ɗan shekara 10 ko ɗan fiye sojojin daular Ming, mai mulkin Sin a lokacin, suka ci Yunnan da yaƙi, suka kama shi, aka dandaƙe shi kamar yadda ake yi wa yaran da za su yi hidima a cikin gidan sarauta, aka kai shi gidan wani ɗan sarki mai suna Zhu Di. Ya tashi a hannunsa, ya yi masa yaƙi, kuma da Zhu Di ya ƙwace gadon sarauta a 1402 ya zama sarki Yongle, sai ya saka wa bawan nasa da sabon suna, Zheng, ya kuma ɗora shi a kan ayari mafi girma da tekun Indiya ta gani a wancan zamani. Na zauna na zuba rubutu shafi huɗu a dare ɗaya. Na kira shi gwarzon Musulmi da ya gano ƙasashe, jakadan zaman lafiya da bai taɓa zare takobi ba, mai jiragen da suka fi filin ƙwallo tsawo.

Washegari Malam ya karanta, bai ce uffan ba har ya kai ƙarshe. Sai ya ɗago ya ce, “Ɗana, ka iya zance, Allah ya ƙara basira. Amma wannan mutumin da ka rubuta, naka ne ko na tarihi?” Ya miƙo mini takardun, kusan kowane sakin layi da jan zane, ya ce in je in dawo bayan mako guda.

Kalmar da ya fara zagaye ita ce “gano”. A gefe ya rubuta tambaya: wa ya ɓata? Da na koma karatu sai na fahimci nufinsa. Hanyoyin da Zheng He ya bi, fatake Larabawa da Farisawa da Indiyawa da mutanen Malay da su kansu Sinawa sun daɗe suna bin su tun ƙarnoni kafin a haife shi. Kowa a wannan teku ya san sirrin iskar da ke juyawa da lokaci: a lokacin sanyi tana kaɗawa daga arewa maso gabas, ta tura jirage kudu da yamma, a lokacin zafi ta juyo ta mayar da su gida. Shi ya sa ayarin kan tashi daga Liujiagang kusa da bakin kogin Yangtze, ya sauka a Changle da ke Fujian ya zauna jiran iska, wani lokaci na watanni. Champa da Java da Malaka da Kalikut da Hormuz da Aden da Mogadishu da Malindi duk wurare ne masu kasuwa da sarakuna da dillalai. Abin da Zheng He ya kai musu sabo shi ne nauyin gwamnati: mutum wajen 27,000 a tafiya ɗaya, da sojoji da likitoci da tafintoci da magatakarda, da siliki da tangaran, da saƙon sarki cewa a aiko da jakadu a yi gaisuwa a fadar Sin. Tun daga ranar na fara tsoron kalmomin da ke zuwa baki da sauƙi. Kalma ɗaya tak ta shafe mutanen gaɓar teku gaba ɗaya daga labarin, kamar dai yadda littattafan makaranta suka riƙa koya mana cewa wani Bature ne ya gano kogin Kwara alhali kakanninmu na kamun kifi a cikinsa.

Batun tsawon jirage bai ɗauke ni lokaci ba. Tarihin daular Ming ya ba da awon da in aka juya shi ya haura mita 120, kuma a 1957 an tono wani katako mai tsawon mita 11, na juya akalar jirgi, a tsohon wurin ƙera jirage na Nanjing. Sai dai masana da injiniyoyi da yawa suna jayayya cewa jirgin katako mai wannan tsawo ba zai jure teku ba, wasu suna ganin rabin haka ya fi kusa da gaskiya. Malam ya ce in faɗi duka biyun, in ce wa ya faɗi wanne. Na yi hakan, kuma shirin bai rasa armashi ba.

Inda na sha wuya shi ne zaman lafiya da addini, domin nan ne son raina ya fi shiga.

Gaskiya ne ayarin bai kafa mulkin mallaka ba, bai ƙwace ƙasa ya zauna ba. Amma takobi ya fita daga kube. A 1407 a Palembang da ke tsibirin Sumatra, Zheng He ya gwabza da Chen Zuyi, wanda fadar Sin ta ɗauka shugaban ’yan fashin teku, kuma bayanan fadar sun ce an kashe mutum fiye da 5,000, shi kuma aka kai shi Nanjing aka kashe. A tsibirin da yau ake kira Sri Lanka ya yaƙi mai mulki Alakeshvara, ya kama shi da iyalinsa ya kai su Sin a 1411, daga baya sarki ya sake su. A arewacin Sumatra ma ya shiga rikicin sarauta, ya kama wani mai suna Sekandar. Wanda ya ga jirage sun cika masa gaɓa da dubban sojoji, ya kuma ji abin da ya sami maƙwabcinsa, in ya aika da gaisuwa ba lalle ne don ƙauna ba. Na fara rubuta shirin ina son in ba masu sauraro kishiyar Turawan Fotugal, waɗanda suka iso Malindi da Kalikut a 1498 ƙarƙashin Vasco da Gama, suka kuma ci Malaka da yaƙi a 1511. Bambancin yana nan, kuma babba ne, har yau ina riƙe da wannan ra’ayi. Kuskurena shi ne na ɗauka sai na ɓoye Palembang kafin bambancin ya fito.

Addininsa kuwa ya hana ni barci. Akwai shaidu masu daɗin ji: rubutun kabarin mahaifinsa a Kunyang, da dutsen da ke nuna ya ziyarci tsofaffin kaburburan Musulmi a Quanzhou a 1417, da neman izinin da ya yi a 1430 aka sake gina masallacin Jingjue a Nanjing bayan gobara. A gefe guda kuma ga dutsen da ya kafa a Changle a 1431, kafin tafiyarsa ta ƙarshe, wanda a ciki ake godiya ga Tianfei, abar bautar matuƙan jiragen Sin, saboda tsare ayarin daga guguwa. Ga kuma dutsen Galle na Sri Lanka, mai ɗauke da kwanan 1409, da aka gano a 1911 an rufe magudanar ruwa da shi, yanzu yana gidan tarihi na Colombo. Harsuna uku ne a jikinsa. Sinanci yana girmama Buddha, Tamil yana girmama abin bautar Hindu, Farisanci kuma yana magana da harshen Musulmi.

Na koma wurin Malam na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ɓangaren in muka saka, masu sauraro ba za su ji daɗi ba. Ko mu tsallake?” Ya cire gilashinsa ya ce, “Kai ka ji daɗi da ka karanta?” Na ce a’a. Ya ce, “To ka mutu? Su ma ba za su mutu ba. Ka faɗa musu abin da ke rubuce a kan dutse. Abin da ke zuciyarsa kuma, wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa, ba mu aka ba alƙalanci ba.”

Wannan magana ta zauna mini. Da na daina neman waliyyi sai na fara ganin mutum: yaro da aka raba da iyayensa, aka yi masa illar da ba ta gyaruwa, ya girma a fadar da ba ta addininsa ba, aka ba shi jagorancin dubban mutane da mafi yawansu ba Musulmi ba ne, yana magana da yawun sarkin da ba ya sallah. Tausayinsa ya kama ni fiye da lokacin da nake yi masa kirari. Kuma na lura tun daga nan cewa duk lokacin da labari ya yi mini daɗi fiye da kima, to a nan ne ya kamata in ƙara bincike, domin a nan hannuna ke saurin ƙara gishiri.

Yadda tafiye-tafiyen suka tsaya, wannan a taƙaice na ba da shi. Yongle ya mayar da babban birni Beijing a 1421, ga yaƙe-yaƙe da Mongol a arewa, ga kuɗi na zurarewa. Manyan ma’aikata irin su Xia Yuanji, mai kula da baitulmali, sun daɗe suna ƙorafin kashe kuɗi. Yongle na rasuwa a 1424, ɗansa ya ba da umarnin dakatar da ayarin. Jikan Yongle, sarki Xuande, ya sake aika shi sau ɗaya, daga 1431 zuwa 1433, daga nan ba a ƙara ba. Aikin duka a kan kafaɗar sarki ɗaya ya rataya, da ya kau sai ya zube.

Wanda ban taɓa zaton zai shiga raina ba shi ne Ma Huan. Musulmi ne shi ma, ya san Larabci, aka ɗauke shi tafinta a tafiya ta 4 a 1413, ya sake bin ta 6 da ta 7. Ba shi da sarauta, ba wanda ya gina masa wurin tunawa kamar yadda aka yi wa Zheng He a Semarang, ko masallacin da ke ɗauke da sunansa a Surabaya. Amma takardun fada na tafiye-tafiyen sun salwanta, jiragen sun ruɓe, raƙumin dawan da aka kai wa sarki daga Bengal a 1414, wanda fadawa suka ce shi ne qilin, dabbar da ke bayyana a zamanin sarki adali, ya zama zane a takarda. Kaso mai yawa na abin da muka sani game da garuruwan da ayarin ya sauka daga littafin wannan tafintan ya fito, da na abokan tafiyarsa biyu, Fei Xin da Gong Zhen.

Kuma dubi abin da ya tsaya ya rubuta. A Kalikut, a gaɓar Indiya, ya bayyana yadda ake ciniki: wakilin sarki da attajiri da dillali su zo su duba kayan jirgi, a yi ta ja-in-ja a kan farashi, wani lokaci wata guda, wani lokaci wata biyu ko uku. In an daidaita sai a haɗa hannu, daga nan ba a tayar da magana ko kaya sun yi tsada ko sun yi araha. Ya ce mutanen ba sa amfani da allon ƙirga irin na Sinawa, da yatsun hannu da na ƙafa suke lissafi, kuma ba sa kuskure. Da na karanta wannan sai na ga kamar ina tsaye a kara ranar kasuwa, dillali ya kama hannun mai saye ya haɗa da na mai sayarwa, a ce an sallama. Shekara 600 tsakaninmu, ga teku, ga bambancin harshe, amma na gane wurin sarai, don kawai wani ya ga abin ya isa a rubuta. Ya rubuta abincin mutane, da suturarsu, da kuɗin da suke kashewa, da yadda suke aure da binne mamaci. A babin ƙarshe ya siffanta Makka da Ka’aba, domin a tafiya ta 7 an tura mutum 7 daga Kalikut a jirgin fatake zuwa can.

Ni ma aikina ke nan, ɗaukar magana daga wani harshe zuwa wani, daga takarda zuwa kunne. Kafin wannan shiri, manyan sunaye da manyan lambobi nake farauta. Bayansa na sayi ɗan littafi nake yawo da shi, in na je hira da wani tsoho a kan tarihin garinsu nakan tambaye shi nawa ake sayar da mudu a lokacin, da me ake auna shi, wa ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Sau da yawa a nan ne bakinsa ke buɗewa.

Da mako ya cika na kai wa Malam sabon rubutu, na roƙe shi ya bar ni in raba shirin biyu, kashi na farko na Zheng He, na biyu na tafintansa. Ya karanta a tsanake, ya gyara mini shekara ɗaya da na rubuta ba daidai ba, ya ce in nemi wanda ya yi karatu a Sin ya koya mini furta sunayen kafin in shiga ɗauka. Da ya zo wurin cinikin Kalikut sai ya ajiye biron, ya ce in karanta masa da baki. Na karanta. Ya ce, “Ka rage gudu a inda suke haɗa hannu, ’yan kasuwa na saurare.” Sannan ya sa hannu a ƙasan takardar.