Yadda muka sallami mai gangar ƙungiyarmu

Mu biyar ne a ƙungiyar, muna kiɗa a gidajen biki da wuraren taro, kuma wanda muka sallama shi ne mai ganga, mutumin da tare da shi aka kafa ta, shi ne ma ya raɗa mata suna. Babu wanda ya taɓa kushe hannunsa. Abin da ya raba mu shi ne yakan karɓi kuɗin kafin alƙalami daga wani mai bikin a ranar da muke da aiki, sai ya turo mana ƙanensa, ko ya iso bayan amarya ta riga ta shigo.

Da muka yanke shawara, gardamar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce wa zai faɗa masa. Ɗaya daga cikinmu ya ce a bar wa mai nemo mana aiki, wanda shi ne abin da 'yan Beatles, ƙungiyar kiɗa ta Ingila, suka yi a Liverpool a watan Agustan 1962, inda manajansu Brian Epstein ya sanar da mai gangarsu Pete Best cewa an maye gurbinsa da Ringo Starr. Wani kuma ya ce a daina kiransa kawai, kamar yadda 'yan Pink Floyd, wata ƙungiyar kiɗa ta Ingila, suka wuce zuwa wasa a 1968 ba tare da sun biya sun ɗauki mawaƙinsu Syd Barrett ba. Na ƙi duka biyun, domin a ganina wanda kuka ci abinci da shi a kwano ɗaya ya cancanci ya ji maganar daga bakinku. Muka je gidansa mu huɗu, na ce masa, "Yaya, tafiyar nan ba za ta ci gaba a haka ba," sannan na lissafa masa bukukuwan da ya bar mu a tsaye.

A nan na gane cewa kuɗi ya fi faɗar maganar wuya. Lasifikoki da janareta duk daga kuɗin liƙi muka saye su, saboda haka yana da kashi ɗaya cikin biyar, alhali babu takarda ko ɗaya da ta nuna hakan. Rashin daidaita irin wannan lissafin ne ke kai mutane kotu, har mai jita Lindsey Buckingham ya maka ƙungiyarsa ta Fleetwood Mac bayan sun cire shi a 2018. Mu dai mai sayar da kayan sauti muka kira ya yi wa kayan kuɗi, muka biya mai gangar kasonsa kaɗan-kaɗan a gaban shaidu.

Sunan ƙungiyar kuwa ya bar mana, bisa sharaɗin mu daina kiɗa waƙoƙi biyu da ya tsara. Sabon mai gangar, kafin ya taɓa sanda, sai da muka rubuta masa kasonsa na liƙi da na kaya, kowa ya sa hannu.