Abin da sashen karɓar jini ya koya mini kan ciwon hanta nau'in C

Da na fara aiki a sashen tantance jinin masu bayarwa, zatona shi ne mai ciwon hanta ba ya ɓuya: ido ya yi rawaya, jiki ya rame, ciki ya kumbura. Sai ga mutane garau suna zuwa da ƙafarsu don ceton ran wani, gwaji kuma ya nuna alamar nau'in C. Ashe ƙwayar cutar kan yi shekara 20 tana cin hanta a ɓoye, har hantar ta ƙeƙashe ko ta kai ga ciwon daji, mai ita bai sani ba.

Amma darasin da ya fi tsaya mini a rai daga kuskurena ya fito. Wani saurayi ya zo ba da jini, sakamako ya fito, na ce masa kai tsaye yana da ciwon hanta. Ina kallo fuskarsa ta canza. Bayan ya fita, shugabata ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, wannan gwajin sawu ya gani, bai ga ɓarawon ba."

Nufinta, gwajin farko yana gano makaman da garkuwar jiki ta ƙera ne, shaidar cewa ƙwayar ta taɓa shiga. Kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu, jikinsu da kansa yake korar ta cikin wata 6, amma sawun ya zauna. Gwaji na biyu, da ake kira PCR, mai neman ƙwayar kanta a cikin jini, shi ke faɗin ko tana nan. Ko da tana nan ɗin, magungunan sha na yanzu suna warkar da sama da kashi 95 cikin 100, galibi a mako 12. Ƙwayar da sai a 1989 aka gano ta, yau ga shi ana gamawa da ita da ƙwayoyin haɗiya.

Duk wannan ban faɗa masa ba. Ban kuma gaya masa cewa cin abinci tare ko musafaha ba sa yaɗa ta ba. Jini take bi, ta allurar da aka maimaita, reza, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. Nau'in B yana da riga-kafi, C kuwa babu, kuma wanda ya warke na iya sake kamuwa.

Saurayin bai dawo gwaji na biyu ba. Sau uku na kira lambar da ya bari, ba a ɗauka ba.