Rigar Michelle Obama: shifon ya daina zazzagowa

Alhamdulillahi, yau dai siket ɗin rigar da nake ɗinkawa ya kwana uku a rataye bai zazzago ba. Masu bin wannan aiki kun san rigar da nake kwaikwaya: farar rigar shifon na siliki (yadi shara-shara mara nauyi) mai kafaɗa ɗaya, wadda mai zanen tufafi Jason Wu ya yi wa Michelle Obama ta sa a daren bikin rantsar da mijinta a Janairun 2009. Tana nan a gidan tarihin Amurka na Smithsonian da ke Washinton, cikin tarin tufafin matan shugabanni da aka fara a 1912, inda rigar Helen Taft ta bikin 1909 take. Shiga kyauta ne, sai dai rigar tana bayan gilashi, an kuma rage fitila saboda haske yana cin siliki. Furannin oganza (yadi shara-shara mai ɗan tauri) da duwatsun ado na Swarovski za ku gan su sarai. Cikin rigar ne ba ya ganuwa, can kuwa wahalar take.

Shifon ba ya ɗaukar nauyi. Fure ɗaya da dutsensa ba a bakin komai yake ba a tafin hannu, amma da na ɗinke su kai tsaye a kan yadin, kwana biyu kawai kowane fure ya ja wurinsa ya yi 'yar jaka, zaren saƙar ya buɗe a bakin kowane ɗinki. Na koma gam, ya ratsa ya fito ta baya, ya bar tabo mai tauri kamar busasshen koko. Yadi huɗu na siliki suka tafi a banza, kuma wallahi kuɗin ya yi mini ciwo. Yadin manni da ake gogawa ta ciki ma bai yi ba: ana hango shi, ya kuma kashe lilon da shifon ke yi idan ana tafiya, wanda shi ne kyan rigar gaba ɗaya.

Abin da ya yi aiki ƙarami ne. A yanka oganzan siliki a kewaye, faɗin santimita 2, a sa shi ta bayan shifon daidai inda fure zai zauna. A soka siririyar allurar hannu ta ratsa dutse da fure da shifon da oganzan, sau uku, a ƙulle a bayan oganzan. Shi zai ɗauki jan, shifon yana tsakiya kawai. Kowane fure da ƙullinsa, kada a ja zare daga wannan zuwa wancan, don da zarar yadin ya saki, zaren zai tattare shi. Dutsen kuma mai huda za a saya, ba mai gam ba.

Kuskurena na biyu shi ne gaggawa. Inda yankan siket ya faɗa a karkace yakan ƙara tsawo, don haka sai an rataye shi kwana biyu kafin a sa alamar furanni, kalmasa kuma ta zo a ƙarshe. Na ƙara ribon mai ƙarfi, faɗin inci 1, a cikin ƙugu, ya gaza awon ƙugun da santimita 1, da maɗaurinsa daban. Yanzu nauyin siket a ƙugu yake, ba a kafaɗa ba.

A keke, allura mai lamba 60/8, tsawon ɗinki milimita 2, da siririyar takarda a ƙasa don kada haƙoran keke su haɗiye yadin.

Saura hannun kafaɗa. Har yanzu yana murɗewa idan furanni suka hau shi, gobe zan yi masa shafi da oganza ninki biyu in gani.