Wasan da na yi da kifin Baga

Ɗan ƙanwata na tarar a zaure yana haɗa wani bidiyo a waya, yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Da na leƙa sai na ga wani dattijo ne da 'yan bindiga suka sace, durƙushe a daji yana roƙon 'yan'uwansa su sayar da gona su kawo kuɗin fansa, shi kuwa yaron ya ɗora wa roƙon nasa wani kiɗa na shashanci, yana shirin sakawa a TikTok. Na ce ya goge, ya ce, "Kawu, ai kowa ma yana yi, kuma ba ɗan garinmu ba ne." Faɗan da na ɗauko ya maƙale mini a wuya, domin na taɓa yin abin da ya fi nasa muni.

A farkon Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga, garin masunta da ke ƙaramar hukumar Kukawa a bakin Tafkin Chadi. Sojoji sun ce mutum 150 aka kashe, wasu shugabannin yankin suka ce adadin ya kai dubu biyu. Waɗanda suka tsira wasu sun yanki daji zuwa Maiduguri, wasu sun faɗa tafkin suna neman tsallakawa Chadi, kuma ba duka ne suka kai gaɓa ba.

A lokacin akwai wani Babarbare mai sayar da bandar kifi da muke haɗuwa da shi wurin mai shayi a unguwarmu a Kano. Ni Bafulatani ne, saboda haka akwai wasa tsakaninmu: kullum yana kirana bawansa, ni ma ina ramawa. Ya ɓace na ɗan lokaci, ranar da ya dawo ko gaisawa ba mu gama ba na ɗaga murya na ce, "Shekara da shekaru kuna cin kifin Baga, yau dai kifi ya samu Barebari ya rama!" Teburin ya kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ƙirga kuɗi ya biya, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya tafi. Daga baya mai shayin ya shaida mini cewa ƙanensa da 'ya'yan ƙanen suna cikin waɗanda ruwa ya ci.

Na daɗe ina kare kaina, kuma har yanzu ban ce hujjojina duk na banza ba ne. Mu Kanawa mun ga ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kashe fiye da mutum 180 a yini guda, mun kuma ga harin babban masallacin Juma'a na cikin birni a Nuwamban 2014. Da barkwanci muka riƙa rage zafin abin, muna tsokanar juna a kan turin babur a shingen bincike da tsallen kwaɗon da ake sa mutane, in ba haka ba da hankalin wasunmu ya gushe. Wasan Fulani da Barebari kuma don zumunci aka gada, har jikoki ma suna yin nasu wasan ranar rasuwar kaka. Sai dai kakar da ake yi wa wasa ta tsufa ta cika a kan shimfiɗarta, ba yaro ba ce da ya nutse yana gudun harsashi. Ban san Babarbaren nan yana da 'yan'uwa a Baga ba, gaskiya ne, amma ai ban tambaya ba, kuma mutumin da ke sana'ar kifin Baga ina ne 'yan'uwansa za su kasance?

Ku samari masu haɗa irin wannan bidiyo, na so in jero muku shawarwari masu yawa, amma biyu kawai na samu. Ta farko, duk wanda aka kashe ko aka sace ko aka raba da gidansa, ku cire bakinku daga kansa. In dariyar ta zama dole, ga masu kisan nan, ga kuma masu mulkin da ba sa zuwa sai an gama jana'iza. Ko da yake wannan ma ina shakkarsa, domin na ga yadda samari suka mayar da ƙasurguman 'yan bindiga taurari, suna kwaikwayon muryarsu don nishaɗi.

Ta biyu, a kan ce kafin ka yi irin wannan raha ka tambayi kanka ko za ka iya faɗinta a gaban dangin mamacin. To ni a gaban Babarbaren nan na faɗa, don haka wannan ma'aunin bai isa ba. Ku yi shiru kawai. Tawa maganar mutanen teburin shayi ne kaɗai suka ji ta, amma taku tana yawo daga waya zuwa waya har ta isa hannun matar da ke bin gidaje tana neman gudummawar kuɗin fansa. Kuma abin da ya fi ba ni haushi da ku shi ne ba don rage raɗaɗi kuke yi ba, don a ce bidiyonku ya samu masu kallo ne, alhali yawancinku ko gawa ba ku taɓa ɗauka zuwa maƙabarta ba.