Lissafin hayaƙin rake daga buhun taki yake farawa

Aikina akanta ne, ofishinmu yana Bompai. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, wasu 'yan kasuwa a nan Kano suka fara shirin kafa masana'antar da za ta matse rake ta fitar da itanol, man da ake gauraya wa fetur. Masu ba da rancen da suka tunkara sun gindaya sharaɗi: a nuna musu yawan iskar ɗumama duniya da kowace lita za ta jawo, a kuma nuna hanyar samun takardar shaida irin ta Bonsucro ko ISCC, ƙungiyoyin duniya masu tantance yadda aka noma amfanin gona aka sarrafa shi. Ni aka ɗora wa haɗa alƙaluman, tare da wani injiniya.

Ma'aunin kansa ba wuya gare shi ba. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2018, ta ɗauka cewa man fetur yana fitar da giram 94 na iskar kabon a kowane megajul na makamashi. Masana'antar da ta fara aiki daga 2021 dole ta yi ƙasa da wannan da kashi 65 cikin ɗari, wato kada ta wuce giram 33. Iskar da ke fita lokacin da itanol ke ƙonewa a mota ba a ƙirga ta, domin raken ne ya zuƙe ta tun yana gona. Tuƙar rake kuma ita ake ƙonawa ta ba masana'anta tururi da lantarki. Saboda haka ɓangaren masana'anta bai wahalar da mu ba, injiniya ya gama da shi da wuri.

Gona ce ta riƙe mu. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Ƙa'idar kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a ɗauka kashi ɗaya cikin ɗari na wannan yana tashi sama a matsayin wata iska da ta ninka kabon ƙarfi kusan sau 300. Idan ka buga da nauyin iskar kanta, wanda ya fi na naitirojin ɗin, buhu ɗaya ya haura kilo 100 na kabon, ba a ma sa hayaƙin da aka yi wajen sarrafa takin ba. Litar man gas ta tarakta ko tirela kusan kilo 2.7 na kabon take fitarwa, litar fetur ta injin ban-ruwa kusan 2.3. A Burazil yawancin rake ruwan sama yake sha. Namu kuwa watannin rani sai da inji, kuma kowane ban-ruwa yana shiga lissafi.

To wa ya rubuta duk wannan? Da muka zauna da manoman da ake sa ran za su riƙa kawo rake daga wajen Kura, na tambayi wani dattijo buhu nawa ya zuba bara. Ya ce, "Yaro, abin da Allah ya hore nake zubawa. Wani na saya a kasuwa, wani tiya-tiya na karɓo wajen ƙanena." Gaskiya ya faɗa, kuma noma ya iya fiye da duk wanda ke ɗakin. Amma mai binciken da zai zo daga kamfanin ba da shaida rasit yake nema da kwanan wata. Inda babu, sai a sa maka alƙaluman da ba na gonarka ba, waɗanda aka tsara su da gangan su yi nauyi. A ganina nan ne ƙaramin manomi ke cutuwa: yana iya zama shi ne mai ƙarancin hayaƙi, amma ba shi da abin nunawa.

Sai tarihin ƙasa. Dokar Turai ta ja layi a Janairun 2008: filin da a lokacin daji ne ko dausayi, daga baya aka sare ko aka busar aka shuka rake, ba a karɓar mansa. Gonakinmu da yawa na fadama ne, na gado, ba takarda. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya muka nemo, muka bi kowace gona da waya muna ɗaukar iyakarta, mai unguwa yana tabbatar mana. Wannan ya fi komai cin lokaci, kuma shi ya kamata duk mai irin wannan shiri ya fara yi kafin ya yi odar inji.

Takardar shaida ba a kan hayaƙi kaɗai take ba. Ana duba ladan masu sara, ko akwai ƙananan yara a aikin, kayan kariya na masu feshi, da inda ruwan dattin masana'anta ke zuwa. Kowace litar itanol tana barin fiye da lita goma na wannan ruwa. Duk wanda ya san abin da ruwan masana'antun fata ya yi wa kogin Challawa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wasu cikin masu kuɗin suna ganin duk wannan sharaɗin Turawa ne kawai. Na nuna musu Burazil, wadda ta fara shirin itanol tun 1975. A 2017 ta kafa RenovaBio, inda masana'antar da aka tantance take samun takarda ɗaya a kan kowane tan na kabon da ta rage, ta sayar a kasuwar hannun jari. Wanda lissafinsa ya fi tsafta ya fi samun takardu. Nijeriya tana da manufar gauraya kashi 10 na itanol tun 2007, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa nan da 2060.

Ba a aza tubalin masana'antar ba tukuna. Abin da muka fara shi ne raba manoman ƙungiya-ƙungiya, kowace da littafi ɗaya da matashi ɗaya mai rubutawa da Hausa: ranar zuba taki, buhu nawa, litar mai nawa, an ƙona ganye ko an bar shi a ƙasa. Taki ta hannun ƙungiya ake saye yanzu, don rasit ya zama ɗaya. Na roƙi masu kuɗin su sa albashin matasan nan cikin kasafin aikin, suka amince.