Kafin ka ƙara wa kwamfutar aiki ƙarfi, san hanyoyin cikinta

Abin da ya raba manyan kwamfutocin aiki irin Dell Precision, HP Z da Lenovo ThinkStation da kwamfutar tebur ta gama-gari ba saurin furosesa kaɗai ba ne, faɗin hanyoyi ne. Furosesa Core ko Ryzen na yau da kullum hanya biyu ke haɗa su da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki a kanta. Xeon W-2400 na da huɗu, W-3400 da Threadripper PRO 7000 kuwa takwas-takwas. Layukan PCIe, wato hanyoyin da katin hoto da ma'ajiyar SSD ke bi, su ma haka: 64 a W-2400, 112 a W-3400, 128 a Threadripper PRO.

A wajen RAM aka fi tafka asara. Mutum ya sayi sanda ɗaya mai 64GB ya soka a inji mai hanya huɗu, yana ganin ya more, alhali hanya ɗaya ce ke ɗaukar kayan, ukun suna zaman banza. Sanduna huɗu masu 16GB su ma 64GB ɗin ne, amma bayanai na gudu ta ƙofa huɗu lokaci guda. Sai batun iri. Waɗannan furosesoshi irin sandar da ake kira RDIMM mai ECC suke ci, wato RAM mai gyara ƙaramin kuskure da kanta kafin ya lalata aikin da aka kwana ana lissafawa. A samfurin RAM na DDR5, tsagin RDIMM da na UDIMM (sandar kwamfutar gama-gari) ba wuri ɗaya suke ba, don haka idan sanda ta ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi. A DDR4, samfurin da ya gabace shi, za ta shiga lafiya lau, amma in ka gauraya su injin ba zai tashi ba. Tsarin gurbin da ake fara cikawa yana cikin littafin injin, sau da yawa ma an manna shi a bayan murfin gefe. Kunnawar farko bayan ƙari, allo kan yi baƙi na 'yan mintuna fanka na ta kuka. Gwada sandunan yake yi, kada ka zare wuta.

Katin hoto kuwa, tambayi akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa sassan injin lantarki, tukuna. RTX 4000 Ada mai 20GB wat 130 yake sha, gurbi ɗaya ya ishe shi. RTX 6000 Ada mai 48GB na shan 300. RTX 4090 na 'yan wasa na shan 450, ga kauri da ke toshe guraben maƙwabta, ga shi yana huro zafinsa cikin akwati maimakon waje. Dell da HP da Lenovo kuma sukan ƙera akwatin wutarsu da nasu irin mahaɗi, ba kasafai na kasuwa ke maye gurbinsa ba. Wayar da ke kai wa babban katin hoto wuta, mai ƙafa 16, a tura ta har sai ta ce ƙas, kada a lanƙwasa ta daf da kai. Ɗan giɓin da ya rage shi ke haɗa zafi har roba ta narke.

Canza furosesa shi ne na ƙarshe a shawarata. Yawancin aikin zane a manhajar AutoCAD kan ƙwaya ɗaya ta cikin furosesa yake dogara, ƙwaya 96 ba za ta sa layi ya fito da sauri ba.

Sauya ma'ajiya ya fi saurin nuna amfani: SSD mai tsohon mahaɗin SATA bai wuce kusan 550MB a daƙiƙa, shi kuwa SSD na NVMe mai bin PCIe 4.0 na kai wa 7,000MB. Katin da ke ɗaukar siraran SSD na M.2 huɗu yakan buƙaci a shiga BIOS, wato shafin saitin injin, a raba gurbin x16 zuwa x4x4x4x4, in ba haka ba ɗaya kawai zai bayyana ka ɗauka ukun sun mutu. Kafin ka ɗaure ƙarfen sanyaya SSD ɗin, ɓare siririyar ledar da ke kan ɗanƙon zafi. Idan aka manta da ita, SSD na ɗaukar zafi ya rage gudu tsakiyar kwafe babban fayil.