Ƙwaron da ke nutsewa da iskarsa

Masu fatsa a kogunan arewacin Ingila, irin su Wharfe da Ure a yankin Yokshaya, suna da tsohuwar dabara ta kama kifin tirawut ba tare da sun sa wa ƙugiya tana ko wani abinci ba. Zaren siliki suke naɗa mata, su ɗaura gashin tsuntsu mai laushi a wuyanta, sai ta ɗauki kamar ƙwaro. Irin wannan ƙwaron kwaikwayo kashi biyu ne: akwai wanda ake so ya tsaya a saman ruwa, wanda wani mai fatsa kuma marubuci, Frederic Halford, ya ɗaukaka a kogunan kudanci wajen 1886, akwai kuma wanda ake bari ya nutse. Na biyun ne ya fi jan hankalina.

Abin da ya sa kuwa shi ne fuka-fukan ƙwarin da ake kwaikwaya ba sa jiƙewa da sauƙi. Ƙwaron da ake kira kadis fuka-fukansa cike suke da ƙananan gasu, kuma gasun suna riƙe iska a tsakaninsu, ta yadda ruwa ke gangarewa kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza. Macen wasu nau'o'insa takan shiga har ƙarƙashin ruwa domin ta saka ƙwai a jikin duwatsu, tana lulluɓe da siririyar iska mai ƙyalli. Shi kuwa mefilai, wani ƙwaron da ke girma a cikin ruwa, idan ya fito daga ruwa da fuka-fukansa na farko, akwai gasu masu matuƙar ƙanƙanta a kansu da ke kare shi daga nutsewa, har sai ya sake yin saɓa. Babu wani ƙwaro ban da shi da ke saɓa bayan ya yi fuka-fuki.

To amma ba kullum kariyar ke aiki ba. Igiyar ruwa takan kifar da wasu, wasu kuma su maƙale a cikin tsohuwar fatarsu, kuma waɗannan ne kifi ke samu a sauƙaƙe.

A ganina, wannan ne W. C. Stewart, wani mai fatsa na Sukotilan, ya fahimta tun 1857, lokacin da ya nace a rage gashin da ake ɗaurawa, a kuma zaɓi mai laushi. Gashi kaɗan yana buɗewa yana rufewa da motsin ruwa, tamkar ƙafafu da fuka-fukan ƙwaron da ke fafutukar tsira, alhali idan aka cika shi sai ya dunƙule ya daina motsi.